Ranar da Aka Kai Vaosa Sinima

Tun yammacin Juma'a Gwaggo Siniva ta zo gidan ƙanenta Mikaele ta ce wa 'yarsa Vaosa ta ɗauko kayan kwana ɗaya ta biyo ta. Wai ƙafarta ce ta kumbura, tana son nas a kusa da ita.

Vaosa ta durƙusa ta duba ƙafar. Babu kumburi ko na cizon sauro. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta.

Wata huɗu ke nan haka take. A ce ta zo, ta zo. A ce ta tafi, ta tafi. Ta je asibiti ta yi aikinta, ta dawo ta dafa gwaza da madarar kwakwa, ta ci loma biyu kamar mai tauna auduga. Ba kuka, ba dariya. Uwarta Luisa ta sha cewa da ma kukan take yi, da an san inda za a dafa mata.

Bari in gaya muku mafarin abin, don kada ku ce miskilanci ne.

A duk mutanenmu Samowawa da suka baro tsibirinmu suke zaune a garin Logan, kusa da Brisbane, babu wanda bai san Vaosa da Pesamino ba. Shekara biyu suna tare. Shi da rana direban motar kaya ne, ranar Alhamis da Asabar kuma ya hau dandamali a cikin birnin Brisbane, shi kaɗai da makirufo, ya yi ta zuba barkwanci mutane suna riƙe ciki. Mikaele bai taɓa son sana'ar ba. Dattijon coci ne, mutum mai nauyin kai. Amma ganin 'yarsa ta kai ashirin da tara kuma ta nace, sai ya ce to yaron ya zo cin abincin Lahadi a gan shi.

Ya zo kuwa. Aka shimfiɗa abinci, Mikaele ya rufe ido ya fara addu'a da kalmar da yake fara kowace addu'a tun muna yara: "Ya Uba, kai ka san ba na son doguwar magana." Ana cikin minti na goma sha biyu, haƙoran roba na sama suka sulluɓe masa suka faɗa cikin kofin koko. Bawan Allah bai buɗe ido ba, bai tsaya ba. Ya ci gaba da addu'a yana lalube da yatsa biyu har ya kamo su.

Duk wanda ya gani a gidan ya haɗiye dariyarsa. Haka ake yi. Pesamino shi ma ya haɗiye, amma na mako uku kawai, sannan ya kai labarin dandamali.

Bai ambaci suna ba, wannan gaskiya ne. Ya ce wani tsoho. Amma ya fara da "Ya Uba, kai ka san ba na son doguwar magana," da muryar, da jan numfashin. Wani ya ɗauka a waya. Kafin Lahadi bidiyon ya isa Auckland ya isa Apia can gida. Da Mikaele ya miƙe a coci ya buɗe baki ya faɗi kalmarsa, sai dariya ta kubce wa samari a kujerun baya. Ya tsaya. Ya zauna. Tun daga ranar bai sake yin addu'a a gaban mutane ba, kuma ya ce muddin yana numfashi ƙafar Pesamino ba za ta sake taka ƙofarsa ba.

Ba a yi wata biyu ba Etuale, ɗan fasto, ya fara zuwa gaisuwa. Kuma an tsayar cewa ranar Lahadin nan bayan coci iyayensa za su zo jin amsar Vaosa.

To, Asabar da hantsi sai ga Etuale a ƙofar Gwaggo, cikin farar riga mai guga har tana ɗaukar ido.

"Na sayo mana tikitin sinima," in ji shi. "Uku. Har da Gwaggo."

"Ka ga ɗan albarka!" Gwaggo Siniva ta ce, har ta riga ta sa takalmi. "Tashi, Vaosa. Kin zauna kamar buhun shinkafa."

"Ƙafar fa?"

"Ta warke. Hannunki na da albarka. Tashi."

Sai da suka zauna a kujerun tsakiya, sanyin na'ura yana ratsa ta, aka kashe fitila, sannan Vaosa ta gane irin fim ɗin da aka kawo ta. Allo ya buɗe da wani siririn mutum a tsaye bayan labule, yana goge tafin hannunsa a wando, a waje ana kiran sunansa.

Gwaggo ta karkato ta bayan Vaosa ta harari Etuale.

"Kai, wannan wane irin fim ne ka zaɓo?"

"Shi ne mafi tsawo, Gwaggo. Awa biyu da rabi." Ya gyara zama. "Kuma yana da kyau mutum ya ga yadda suke rayuwa."

Labarin wasu 'yan barkwanci uku ne da suke haya gida ɗaya, firjinsu babu komai sai rabin albasa. Suna yawo daga wannan mashaya zuwa waccan, wani lokaci masu kallo bakwai, biyu a cikinsu barci suke. Suna zagin juna, suna satar maganar juna, suna raba burodi ɗaya. Ɗakin sinima ya yi ta ɗaukar dariya. Gwaggo da ta fara da harara, ba a jima ba tana dukan cinyarta, gugguru yana zubo mata a ƙirji.

"Wayyo cikina! Ki ga wannan mai ƙaton kan, sak mijin ƙawata Losa!"

Vaosa tana kallo. Tana jin inda ya kamata a yi dariya, kamar yadda take jin ƙarar injin awon zuciya a asibiti, ta san ma'anarsa amma ba a jikinta yake ba.

Siririn yana da mata. Wata rana matar ta zauna a bakin gado tana kuka tana gaya masa ta gaji, shi kuma yana riƙe da hannunta, amma leɓensa yana motsi a hankali. Haddace maganarta yake. Da ta shiga wanka ya zaro ƙaramin littafi ya rubuta. Bayan kwana biyu ya faɗe ta a dandamali, mutane suka kwashe da dariya, matar tana tsaye a can baya da jakarta a kafaɗa.

Etuale ya matso da bakinsa kusa da kunnen Vaosa.

"Kin gani ko? Ba mugunta ba ce. Haka jininsu yake. Ko uwarsu ce ta mutu, abin faɗa ne."

"Mm," ta ce.

"Ni ba zan taɓa sa a yi miki dariya ba."

"Na sani."

Ta sani ɗin kuwa. Etuale ba mugu ba ne. Mutum ne da zai wanke motarsa duk Asabar, ya kai ta coci, ya dawo da ita, har su tsufa. Ta auna wannan a ranta, ta ji ba zafi ba sanyi. Gobe za a tambaye ta, za ta ce to, tun da kowa to ɗin yake jira.

A allo siririn ya sake tsayawa bayan labule yana goge tafinsa a wando. Haka Pesamino yake yi, sau uku, sannan ya taɓa ƙirjinsa. Ta tuna da wannan kamar yadda mutum yake tuna lambar tsohon gidan da ya tashi.

Sai wayar Gwaggo ta yi haske a kan cinyarta.

Kun san tsofaffinmu da rubutun waya, sai sun ƙara girmansa har na kujerar baya ya karanta. Vaosa ba ta yi niyyar dubawa ba, idonta ne ya faɗa. Daga uwarta ne.

"Har yanzu suna nan. Tsohuwar ta ƙi shan ruwa. Kada ku dawo da ita."

Gwaggo ta yi wuf ta kife wayar. Ta makara.

Vaosa ta miƙe ta bi ta gaban gwiwoyin mutane ta fita. A barandar waje, wajen da ake sayar da gugguru, Gwaggo ta cim mata tana haki, Etuale a bayanta.

"Su wa ke nan, Gwaggo?"

"Wasu baƙi ne na babanki."

"Wace tsohuwa ce ta ƙi shan ruwa?"

Gwaggo ta dubi Etuale, ta dubi ƙasa.

"Ni na gaya wa Mikaele ban iya ƙarya ba. Na gaya masa! Ya ce ke dai ki riƙe ta zuwa yamma." Ta jawo bakin zaninta ta share ido. "Pesamino ne, 'yar nan. Shi da uwarsa Mareta da kawunansa uku. Ifoga suka kawo, neman gafarar gargajiya. Tun kafin gari ya waye suke ƙofar gidanku a lulluɓe da tabarma."

Vaosa ta dubi agogon bango. Biyu da kwata. Watan Janairu, tsakiyar zafi a ƙasar nan, lokacin da kwalta take narkewa.

"Mama Mareta tana da ciwon suga," ta ce, da muryar da take karanta katin majinyaci.

"An ce mata ta bari wani kawun ya shiga ƙarƙashin tabarmar, ta ƙi. Ta ce ita ta haifi bakin, ita za ta zauna da shi."

"Baba fa?"

"Ya ce su zauna har su gaji."

Vaosa ta juya ga Etuale. "Ka sani?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Babanki ne ya roƙe ni. Don kada ranki ya ɓaci, Vaosa. Gobe ranarmu ce, me ya sa za a..."

"Kai mu gida."

"Saura minti arba'in fim ɗin ya ƙare."

Gwaggo Siniva ta daina kuka nan take. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan fasto, an ce ka kai mu gida. Ko sai na kira ubanka ya fassara maka?"

Tun daga kwanar layi suka hango. Maƙwabta Turawa sun tsaya a bayan shingensu suna leƙe. A kan ciyawar ƙofar gida, tsakiyar rana, ga babbar tabarmar nan mai laushi, irin wadda ake gado kaka da kakanni, jajayen gashin tsuntsu a bakinta. Ƙarƙashinta mutum biyu a sunkuye, ɗaya babba, ɗaya ƙarama. A bayansu dattawa uku sun tanƙwashe ƙafa, kai a ƙasa, rigunansu sun jiƙe sharkaf.

Ba mai ɗaga wannan tabarma sai wanda aka yi wa laifi. In ya ɗaga, an yafe, magana ta mutu. In bai ɗaga ba, haka za a zauna.

Vaosa ta wuce ta gefensu. Ta ga yatsun ƙafar Pesamino sun leƙo, rana ta ƙona su. Ba ta tsaya ba.

A falo Mikaele yana kan kujerarsa, ya juya wa taga baya. Luisa tana rakuɓe a ƙofar kicin, idanunta sun yi ja. Vaosa ta zauna a ƙasa a gabansa, don ba a yi wa babba magana a tsaye.

"Wa ya dawo da ke?"

"Baba, matar nan za ta faɗi."

"Ni na kira ta?"

"Awa tara ke nan."

"Ni wata huɗu ke nan." Ya ɗago ido. "Kin san me ake kirana a kasuwar Asabar? Kin san jikan Losa, ɗan shekara shida, ya tambaye ni ko zan cire masa haƙoran ya gani? Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa gaban Ubangiji a madadin mutanen nan. Yanzu in na rufe ido, jira nake in ji wa zai fara."

"Ya yi kuskure, Baba. Ga shi can ya sa kansa a ƙasa."

"Kansa!" Muryar tsohon ta karye. "Kina tsammani maganar yaron ce ta kashe ni? Yaro ne, wawa ne, bakinsa ya fi shi ƙarfi. Na kalli bidiyon nan sau ɗaya, Vaosa. Sau ɗaya tak. A cikin mutum ɗari da suke dariya, akwai murya ɗaya da na sani tun tana cikin zanin goyo. Ke ce a kujerar gaba. Ke kika fi kowa."

Luisa ta toshe bakinta da hannu.

Vaosa ta daɗe da sanin ya ji. Hawaye yana bin kuncin ubanta yana shiga gemunsa, abin da ba ta taɓa gani ba, ita kuwa nata idon a bushe kamar ƙasar rani.

"Na yi dariya, Baba," ta ce. "Ban san ana ɗauka ba. Ko da ba a ɗauka ba, bai kamata ba. In tabarma ce, ni ya kamata in shiga. Ba Mama Mareta ba."

Gwaggo Siniva ta shigo ta tsaya a kansa. Ita kaɗai ce a duniya take iya tsayawa a kansa, don a wurinmu maganar 'yar'uwa ba a tsallake ta.

"Mikaele, na goya ka, na share maka majina. Ka tashi. In matar nan ta mutu a ciyawarka, gobe kai ne za ka lulluɓa tabarma a ƙofar gidansu, kuma ni ba zan raka ka ba."

Mikaele ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya gyara ɗaurin zaninsa, ya fita.

Ta taga Vaosa ta ga ya sunkuya ya kama bakin tabarmar da hannu biyu ya yaye. Mareta ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa, sai da shi da kansa ya tallafe ta. Pesamino bai ɗago kai ba. Ya rame, suma ta yi masa yawa a kai.

Aka shigo da su. Vaosa ta ba tsohuwar ruwa da suga kaɗan kaɗan, ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirga bugu. Kawunan suka yi jawabi, Mikaele ya mayar. Aka ce abin da ya wuce ya wuce. Luisa ta fito da abincin da ta dafa tun safe a ɓoye, don ta san ko ba daɗe ko ba jima za a ci. Etuale ya samu wuri kusa da ƙofa ya zauna, makullin mota a hannunsa.

Da aka gama ci, Mikaele ya yi gyaran murya.

"Pesamino."

"Na'am, Baba."

"Na ɗaga tabarma, kuma ban ɗaga da rabin zuciya ba. Tsakanina da kai babu komai. Amma yafiya daban, 'ya daban. Ba zan sa mutum a teburina ina tauna abinci ina tunanin me yake haddacewa ba. In kana son Vaosa, ka faɗa a gaban uwarka da kawunanka cewa ka bar dandamali. Ka riƙe tuƙinka. In ka faɗa, ni zan je da ƙafata in ba fasto haƙuri."

Etuale ya ɗago kai da sauri. Mareta ta dafa gwiwar ɗanta tana girgiza ta.

"Faɗa mana, Pesa. Faɗa, ɗana."



"Baba," Pesamino ya ce, muryarsa a dishe, "na rantse ba zan sake ambaton gidan nan ba, ko da kyanwar gidan ce. Sunanka, muryarka, komai naka ya haramta a bakina har in mutu." Ya dubi tsohon. "Amma in na ce na bari gaba ɗaya, ƙarya zan yi maka. Na gwada. Wata huɗun nan ban hau ba, kuma ko a cikin tabarmar can, rana tana dukana, kaina bai daina shirya magana ba. Yanzu ka yafe mini. Ba zan buɗe baki da ƙarya ba."

Mareta ta fashe da kuka. "Wayyo, wannan yaro! Awa tara na zauna maka!"

"Ka yi gaskiya," in ji Mikaele a hankali. "Na gode." Ya juya. "Vaosa, kawo wa baƙi ruwan wanke hannu."

Ta ɗauko kwano da tawul. Ta fara da kawunan, ta bi da Mareta, ta zo ta durƙusa a gaban Pesamino. Ya sa hannuwansa a ruwan bai wanke ba.

"Ki dube ni mana," ya ce ƙasa ƙasa.

"Da ka ce ka bari."

"Da kin yarda?"

"A'a. Amma da na ga ka gwada saboda ni."

"Vaosa, in na yi masa ƙarya yau, ke zan yi wa gobe."

Ta dube shi a karo na farko. Fatar goshinsa ta saɓule, leɓensa ya tsage. Sai ta ga ruwan kwanon yana rawa yana zuba a kan tabarmar falo. Ta ɗauka shi ne. Da ya zare hannunsa ruwan bai daina ba.

"Kin ji da kunnenki," ubanta ya ce daga kujerarsa. "Ba ni na hana ba. Gobe bayan coci mutanen fasto za su zo, sai ki ba su amsa."

Vaosa ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali. Ta juya ta fuskanci ubanta, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai yadda aka koya mata.

"Baba, abin da zan yi da wannan," ta ce, ba ta ko kalli Pesamino ba, "ban sani ba tukuna. Wataƙila ba zan yi komai da shi ba. Amma ka aika wa fasto tun yau. Kada su sa kayan coci su zo su ji kunya a gidanka."

Makullin mota ya faɗi daga hannun Etuale.

"Me kika ce?" in ji Mikaele.

"Na ce kada su zo."